Injin da ya rantse shi mota ne

Shekara 22 ina aikin wayarin mota a Kaduna, kuma duk yaron da ya zauna a shagona ya haddace karatuna na farko: kafin ka zargi komai, duba as, wato wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfe don wuta ta koma batir. Har rankwashi na sha yi a kan wannan magana.

Ciwon jirgi ya kama ni tun 2007, lokacin da labari ya bazu cewa wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya haɗa helikwafta da injin Honda Civic a Kano. Na ce in ɗan makaranta ya yi, ni da nake kwana cikin waya me zai hana ni? Na daɗe ina tari, sannan na shiga kasuwar Panteka na fito da injin Subaru mai lita 2.2, silinda huɗu a kwance, biyu dama biyu hagu, irin kwanciyar injinan ƙananan jirage. Masu haɗa jirgi a garejin gida a Amurka sun daɗe suna amfani da irinsa. Na yi masa firam na ƙarfe, na sassaƙa farfela da katako, na sa bel na rage gudu, domin injin mota sai ya haura juyi 5,000 a minti yake nuna ƙarfinsa, farfela kuwa ba ta son wuce 2,700. Na shafa wa firam ɗin fenti kore da fari har shafi uku, yana ƙyalli kamar amarya. Fukafukai dai tukuna. Na ɗaure shi da igiya a jikin darbejiyar tsakar gida.

Ranar gwaji, kik ɗaya ya tashi. A silo, wato kafin a ba shi totur, muryarsa lafiya lau. Ina ba shi totur, allura ta kai 3,000, sai ya kama tari, ya saki ƙara ta salansa kamar bindigar mafarauta, ya mutu. Sau bakwai muna haka, har kajin gida suka daina gudu.

Na jona na'urar duba mota a jikin ƙwaƙwalwar injin, wadda muke ce wa birenbos. Ƙarar farko da ta shigar ita ce P0500, wai ba ta jin gudun mota. Wato a ranta har yanzu ita mota ce, tana tambayata ina taya, ina giya. Na haɗa mata ɗan akwati mai aika mata sakon ƙarya cewa muna kan hanyar Zariya a guje. Ta yarda. Na ba da totur, a 3,000 ya sake mutuwa.

Sai ta kawo sabuwar ƙara, P0335, sansar kirankishaf. Wannan ƴar sansa ita ke ƙirga haƙoran da ke wucewa ta gabanta, ta gaya wa ƙwaƙwalwa lokacin ba da wuta da lokacin fesa mai. In ƙirgan ya rikice, inji ya tsaya. Na canza ta sau uku. Na raba wayarta da wayoyin fulogi don kada tartsatsi ya shiga mata kunne. Na wanke nozul, na canza kwayil, na canza famfon mai. Daga ƙarshe na sayo wata birenbos ɗin da kuɗin da na ware na ragon layya. Sabuwar ma, kamar sun haɗa baki da tsohuwar.

Maƙwabcinmu Baba, tsohon makanikin sojan sama, kullum yana kan benci da carbinsa yana kallona. Rannan ya ce, "Ɗana, jirgin Air Beetle da muka yi aiki a kai a garin nan, maganeto biyu gare shi masu ba fulogi wuta ba ruwansu da batir, kowace silinda fulogi biyu. Batir ya mutu a sama, inji bai ma san an yi ba. Kai kuma ka ɗauko abin da ke yaji in an harare shi." Na ce, "Baba, zamani ne." Ya ce, "To, zamani ya tashi mu gani."

A unguwa har an raɗa mini Kyaftin. Uwargida kuwa ta mai da farfelar wurin shanyar ɗankwali.

A mako na uku, ƙaramin yaron shagona, wanda ko wata shida bai yi ba, ya matso yana sosa ƙeya. "Oga, in yi magana?" Na ce yi. Ya ja da baya iyakar inda hannuna ba zai kai ba. "Oga, wayar as ɗin nan, a kan fenti ka ɗaure ta."

Na kalle shi. Na kalli notin. Na ciro kuɗi na ce maza ya sayo mini ruwan leda, na shagon can nesa, shi ya fi sanyi.

Yana fita na tada inji na ɗora mita tsakanin jikin injin da kan batir na nagatif. Inda ya kamata in ga kusan sifiri, na ga wutar da ta doshi volt guda. A silo wutar tana lallaɓawa ta zaren noti ta wuce, amma da gudu ya ƙaru, kwayil da nozul suka ƙara ja, sai hanya ta cushe, ƙwaƙwalwa ta ɓata ƙirga. Samfefa ta minti biyar ta gama aikin da rago bai gama ba. Da yaron ya dawo na ce masa dama tun farko na yi zargin wurin, gwada shi nake yi.

Na ba da totur. 3,000 ta wuce. 4,000. Igiya ta miƙe, darbejiya tana zubar da ganye, ni kuma ina kabbara. Abin da ban duba ba shi ne bayan farfela. Uwargida, da ta saba injin ba ya wuce tari, ta baza dakakken barkono mudu huɗu a tabarma yana shan rana.

Jan hadari ya tashi ya haura katanga. Baba ya bar takalminsa da carbinsa a benci. Islamiyyar bayanmu aka tashi yara ba addu'ar tashi. Ni kuwa ido ya rufe, ina lalubar makulli ina kama iska, sai yaron ne ya rarrafa ya kashe.

Da la'asar mai unguwa ya aiko a kira Kyaftin. Na durƙusa na gaishe shi, ya buɗe baki zai fara faɗa, atishawa ta riga shi. Sau uku yana gwadawa, daga nan ya yi mini nuni da hannu in dawo gobe. Na koma gida na tarar uwargida ta riga ta aika kasuwa an tambayo mata farashin mudu.