Warin hayaƙin wiskin Islay ba daga teku yake fitowa ba

Mutane da yawa suna ɗauka cewa ɗanɗanon hayaƙi da aka san wiskin tsibirin Islay da shi, a yammacin Scotland, daga iskar teku ko ruwan gishiri yake zuwa, tunda masana'antun suna bakin gaɓa. Ba haka abin yake ba.

Asalin hayaƙin daga wurin busar da sha'ir ne, wato hatsin da ake yin wiskin da shi. Ana jiƙa sha'ir har ya fara tsiro, sai a shanya shi a kan wuta. Itatuwa ba su da yawa a Islay, don haka tun da daɗewa mutanen tsibirin ke haƙo wata baƙar ƙasar fadama da ake kira peat, wato tsirrai da suka ruɓe suka dunƙule cikin dubban shekaru, su busar da ita su ƙona. Hayaƙinta ne ke kama hatsin tun kafin a dafa shi a tace. Masana'antar wiski ta Laphroaig, da aka kafa a 1815, da Bowmore, ta 1779, har yau suna busar da wani ɓangare na sha'irinsu da kansu ta wannan tsohuwar hanya.

Shaida mai ƙarfi ita ce masana'antar Bunnahabhain: ita ma a bakin teku take a tsibirin, amma yawancin wiskinta ba shi da hayaƙi, saboda ba a busar da hatsinta da peat. Wasu gangunan da ake adana wiskin Islay a ciki ma a babban yankin Scotland ake ajiye su na tsawon shekaru uku ko fiye da doka ta tanada, nesa da teku.