Ƙarin watanni kaɗai ba zai koyar da karɓar haihuwa ba

Wani labari ya ce za a ƙara wa ɗaliban unguwarzoma na jami'a watannin da suke yi a asibiti wai don su ƙware, to ni dai ina da ja. Ƙanwata tana aji 4 yanzu, a fostin ɗinsu na ɗakin haihuwa su kusan goma suke zagaye mace ɗaya mai naƙuda, sista ɗaya ce a diyuti ga marasa lafiya cike da wad, yaushe za ta tsaya ta nuna musu cike fatograf (takardar bin diddigin naƙuda) ko abin yi idan jini ya ɓalle bayan haihuwa? Safar hannu ma da kuɗinsu suke saya wallahi. A Ingila sai ɗaliba ta karɓi haihuwa 40 da hannunta kafin ta samu lasisi, mu kuma nan wasu sa hannu kawai ake musu a logbuk, wato littafin da ake rubuta ayyukan da suka yi a asibiti. Kai mai cewa yaran ne ragwaye, malam ka taɓa kwana a ɗakin haihuwa babu wuta? Manyan sistoci suna ta tafiya Saudiyya, to wa zai koyar da su a ƙarin watannin?