Sauron zazzaɓi ba ɗan kwata ba ne

A Damagaram, da an ce sauro sai kowa ya nuna kwata. To, mai hayayyafa a ƙazamin ruwa nau'in sauron da ake kira Culex ne, mai hana barci da kuka. Anopheles, mai kawo zazzaɓin cizon sauro, ya fi son ruwan sama da ya kwanta a sarari rana na dukansa: ramin da aka haƙa ƙasar bulo, sawun shanu a bakin tabki, ɗan gurbin da ke ƙofar gida. Cikin kamar kwana 10 ƙwai ya zama sauro.

Ganewa ba sai likita ba. Ɗebo ruwan da farar roba ka duba. Tsutsar Anopheles kwanciya take yi a miƙe daf da saman ruwa, ta Culex kuwa kanta na rataye ƙasa.

A Amurka wasu ɗakunan karatu (laburare) sun koya wa jama'a wannan, su ɗauki hoton tsutsar su tura ta manhajar waya mai suna GLOBE Observer ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasar. Ina fatan ganin haka a namu ɗakunan karatun kafin damina, don 'yan makarantarmu sun san kowane rami tun daga unguwar Birni har Zango.