An sa mata famfon insulin, amma har yanzu ina tashin dare

Tun da aka saka wa 'yata famfon insulin, tambayar da na fi sha ita ce: "To ba an sa mata na'ura ba? Me ya sa har yanzu sugan ke hawa da sauka?" Na san ba da mugun nufi ake yi ba, amma a ƙarƙashin maganar akwai zargi, wato ko uwar ce ba ta kula. Yau dai zan amsa, don kaina da sauran iyayen da ke kwana ido biyu.

Shekararta huɗu, ciwon suga nau'i na ɗaya gare ta. Ba shan zaƙi ya jawo shi ba, garkuwar jikinta ce ta lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin. Famfon yana ɗiga mata shi kaɗan-kaɗan dare da rana ta wani siririn bututu da ke ƙarƙashin fata, in za ta ci abinci kuma mu danna mu ƙara. Ga ƙaramin yaro wannan ni'ima ce, don famfo na iya ba da ɗigon da bai kai kashi ɗaya cikin goma na yunit ba, abin da ba ya yiwuwa da allura. Kullum ina gode wa Allah da shi.

Sai dai insulin ɗin da aka sa ta fata nawa gare shi. Yakan yi kamar minti 15 kafin ya fara aiki, ya yi ƙarfi bayan awa ɗaya zuwa biyu, ya ci gaba da aiki har wajen awa huɗu. Shi ya sa ake cewa a ba da shi kafin a fara ci. To don Allah, wa ya san abin da 'yar shekara huɗu za ta ci? Na auna, na lissafa, na danna, ta yi loma uku ta ture kwano ta ce ta ƙoshi. Insulin kuwa ya riga ya shiga, ba a janyo shi. Daga nan sai lallashi da ido kan sensa, wato 'yar na'urar da ke manne a jikinta tana auna sugan. Ta yi guje-guje da yamma, sugan ya faɗi tsakar dare. Mura ta kama ta, ya yi sama. Abinci iri ɗaya, awo iri ɗaya, jiya lafiya lau, yau ya ƙi.

Abin da ya kwantar min da hankali lissafi ne. Ƙa'idar da masana suka amince da ita ita ce sugan ya zauna tsakanin 70 da 180 mg/dL fiye da kashi 70 cikin ɗari na lokaci. Ku lissafa da kanku: ko yaron da ya cika wannan buri na iya yin wajen awa bakwai a kullum a wajen layin. Ranar da na fahimci haka na yi kuka, don watanni na yi ina ɗaukar kowane 200 a matsayin laifina.

Kuskurena na gaske wani ne daban. Na taɓa ganin lamba ta hau, na ba da gyara, wato ƙarin insulin don sauke sugan, bayan rabin awa ba ta sauka ba na sake ƙarawa, na tsallake abin da famfon ya lissafa. Na farkon bai gama aiki ba na ɗora masa na biyu. Can cikin dare sai ga ta a ƙasa da 70, gumi sharkaf, jiki na rawa. Tun daga ranar na koyi jira, kuma in sensa ta nuna abin da bai yi kama da yanayinta ba, sai na huda mata yatsa na gwada jini, saboda sensa ruwan da ke ƙarƙashin fata take karantawa, tana bin bayan jini da 'yan mintoci.

Akwai kuma lokacin da jira hatsari ne. Famfo insulin mai saurin aiki kaɗai yake bayarwa, babu wani mai dogon zango a jiki. In bututun ya lanƙwashe ko ya zame, cikin 'yan awanni sinadarin kiton zai fara taruwa a jini, wanda ke iya kai yaro gadon asibiti. Don haka in sugan ya ƙi sauka bayan gyara, bututun nake fara zargi: in gwada kiton, in ba da insulin da allura kamar yadda likitarta ta tsara mana, in sa sabon bututu. In amai ya shigo ciki, asibiti kai tsaye. Bututun ma duk kwana biyu zuwa uku ake sauya shi, a kuma sauya waje, don fatar da aka dame ta da huda takan yi tauri ta ƙi tsotsar magani yadda ya kamata.

'Yan uwa, mai son ya taimaka min ya zo in nuna masa alamun faɗuwar suga, abin da ake ba ta nan take, da inda nake ajiye allurar gulukagon, wadda ke ɗaga suga in ya faɗi sosai. Awa ɗaya ta ishe mu. In na samu mutum biyu da suka iya, zan yi barcin awa biyar a jere ko da sau ɗaya ne a mako.