Mai bibiyar 'yar mutane, jan kunne kaɗai ba ya hana shi

Yarinya ta kawo kuka gida: wani ya addabe ta, kullum in ta taso daga makaranta yana bakin lungu a kan mashin, ta canza layin waya ya samo sabon, tsakar dare sai kira. Daga Garwa har Marwa, a arewacin Kamaru, amsar farko ɗaya ce, "ke ma ki rage fita." Sai a tura kawu ya ja masa kunne, ko a kai magana gaban jauro, wato mai unguwa. Ban raina sulhu ba, yana kashe wuta da yawa. Amma wanda aka ja wa kunne sau biyu bai daina ba, ya riga ya gane babu abin da zai biyo baya.

Dokar hukunta laifuka ta Kamaru, ta 12 ga Yuli 2016, tana da sashe na 302-1 a kan matsa wa mutum don neman lalata: ɗaurin wata 6 zuwa shekara 1, da tarar sefa 100,000 zuwa miliyan 1, kuma hukuncin yana ƙaruwa idan ƙaramar yarinya ce ko malaminta ne. Sai dai sashen ya tsaya ne kan mai amfani da muƙaminsa, kamar shugaba a wurin aiki. Shi na bakin lungu fa? Shi da abin da ya aikata ake kama shi. Ya ce zai illata ki, da baki ko a rubuce, sashe na 301 ne, ɗaurin da zai iya kai shekara 3. Ya faɗo gida ba izini, 299. Ya ce ki ba shi kuɗi ko ya watsa hotunanki, 303, ga kuma dokar laifukan intanet ta Disamba 2010.

Shi ya sa nake jin takaici in na ji an ce "ai na goge saƙonnin don ɓacin rai." 'Yar uwa, shaidarki kika goge! "Yana damuna" ba ta cika takarda a komisariya, wato ofishin 'yan sanda. Abin da ke cika ta shi ne rana kaza, ƙarfe kaza, ya tare ni a ƙofar kasuwa, ga abin da ya faɗa, mai shagon gefe ya gani. Ki ɗauki hoton saƙonnin WhatsApp yadda lambarsa da kwanan wata za su fito, ki tura wa wadda kika amince da ita, don waya tana ɓata. Layukan MTN da Orange da katin ɗan ƙasa ake rajistarsu, ɓoyewa ba ta da sauƙi yadda yake zato.

A rubuta ƙara kwafi biyu, a kai komisariya ko jandarma, a sa su buga hatimi a ɗaya ki riƙe. In aka yi ta ja da ke, ana iya rubutawa kai tsaye ga mai gabatar da ƙara na gwamnati a kotu. In abin ya zo da gaggawa, 117 'yan sanda ne, 113 jandarma. A Marwa akwai ƙungiyar ALVF, wadda Aissa Doumara take cikin waɗanda suka kafa reshenta a 1996, aikinsu ke nan taimaka wa matan da aka ci zarafi.

Ku kuma yayye maza, na san jini yana tafasa. Amma ranar da kuka taru kuka lakaɗa masa duka, shi zai riga ku zuwa asibiti ya karɓo takardar likita, kuma sammacin da zai fito da sunanku zai fito.