Masu tallan magani a rediyo da tambayar da ba a yi musu

Abin da ya faro da mota mai lasifika a bakin tasha yanzu ya mamaye gidajen rediyo da TikTok. Mutum zai sayi fili na rabin awa, ya ce kwalbarsa guda tana maganin ciwon suga da hawan jini da ciwon hanta da basir da sanyi, sannan a buɗe layi masu sauraro su yi ta bugowa suna cewa sun sha sun warke. Shi mai tallan kasuwarsa yake ci. Waɗanda suka fi ɓata mini rai su ne masu ilimin da ke kare shi, suna cewa duk wanda ya nemi a gwada maganin ya raina gadon iyaye da kakanni, ya bi Bature.

Binciken kimiyya yana farawa ne daga tambayar da ba a yi wa waɗannan masu talla: mutum nawa ne suka sha, nawa ne daga cikinsu ba su warke ba? Wanda ya sha ya kwanta asibiti, ko ya rasu, ba zai bugo waya ba. Cututtuka da yawa suna lafawa da kansu, hawan jini kuwa yana iya cin mutum shekaru bai ji ko ciwon kai ba, saboda haka "na ji sauƙi" ba ta auna komai. Hanyar da ake bi ita ce a raba marasa lafiya gida biyu, a ba wasu maganin, a ba sauran wani abin daban, a ƙirga sakamakon duka, a rubuta, har wani mai bincike da bai san ka ba ya maimaita ya ga ko zai sami abin da ka samu. Ina raini a cikin wannan?

Ƙasar Sin ba ta raina gadonta ba, kuma wannan hanyar ta bi. Wata mai bincike 'yar ƙasar, Tu Youyou, da abokan aikinta sun tattara haɗin magungunan gargajiya sama da 2,000 suna neman na zazzaɓin cizon sauro, akasarin waɗanda suka gwada suka faɗi. Wani tsohon rubutu na ƙarni na huɗu ne ya nuna mata cewa a ruwan sanyi ake jiƙa wani ganye, ta gane tafasawa ce ke lalata sinadarinsa, kuma a 1971 samfuri na 191 ya kashe ƙwayar cutar a jikin ɓeraye. Daga wannan ganye, dangin tazargade, aka samo sinadarin da ake haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro na Coartem da shi, aikin da ya kai ta ga kyautar Nobel a 2015. Da shaidar masu bugo waya ta dogara, da ba ta taɓa sanin wanne ne na gaske a cikin dubu biyun nan ba.

Mu kuwa mun ga abin da rashin tambaya ke jawowa. A Agustan 2014 aka tashi mutane cikin dare ta waya su yi wanka da ruwan gishiri su sha don kariya daga Ebola, aka rasa rayuka a banza. A 2020 aka yi ta yayata maganin korona na Madagaska, sai da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta gwada shi ta ce ba ta ga hujjar yana warkarwa ba.

Za a ce ai kwalbar tana da lambar NAFDAC. Lambar da ake ba yawancin magungunan gargajiya shaida ce cewa an duba ba su da guba, ba ta nufin an tabbatar suna warkar da abin da aka lissafa. Masu kafa hujja da gwajin Trovan, maganin da kamfanin Pfizer ya gwada a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996, kuma su sani cewa abin da aka yi wa yaran nan hujja ce ta a tsaurara ƙa'idar gwaji, ba lasisin sayar da kowane jiƙo ba ne.

Gidan rediyon da ya karɓi kuɗi ya bari a ce wa mai ciwon suga ya ajiye maganinsa yana da kaso a alhakin ƙafar da za a yanke. Hukumar kula da gidajen rediyo ta daina kawar da kai, kuma sassan harhaɗa magunguna na jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato su karɓi waɗannan kwalabe su gwada, su bayyana sakamakon da Hausa a tashoshin da aka tallata su.