Karagar Yarima

(Da hantsi. Uwa na duba waya, Kaka na zaune gefe, Yarima ɗan shekara 2 da wata 4 yana zagaya ɗaki da fo a kansa.)

UWA: Yarima, sauke fon nan daga kanka! Yau kwana tara da sayo shi. Ya yi hula, ya yi ganga, ya yi mota, aikin da aka sayo shi dominsa ne kawai bai taɓa yi ba.

KAKA: Ai ku kuka sangarta shi da famfas. Abu ya shanye fitsari tas, yaro na yawo da tafki a gindi bai sani ba. Da tsumma ne, yana jiƙewa zai ji sanyi, ya san ya yi aika-aika.

UWA: Gaskiyarki, Hajiya. Ga shi ma an rubuta a nan.

KAKA: An rubuta! Na faɗa ba a ji ba, sai da waya ta sa hannu.

UWA: Sun ce yawancin yara tsakanin wata 18 da shekara 3 suke shirya wa fo. A duba ko yana yin awa biyu bai jiƙe ba, ko yana iya zare wando da kansa, ko yana laɓewa in zai yi kashi.

KAKA: Shekara uku? Uban yaron nan yana wata bakwai na gama da shi. Da na ga ya ɓata rai ya yi tsit, sai in tara shi.

UWA: To ai ke ce kika koya, Hajiya, ba shi ba. Ke kika haddace lokacinsa. Jariri ɗan wata bakwai bai iya riƙe mara ba.

KAKA: Oho dai. Zanina bai jiƙe ba.

(Maigida ya shigo da takalmi ɗaya a ƙafa.)

MAIGIDA: Wa ya ga ƙafar hagun takalmina? Ina da baƙo yanzun nan.

YARIMA: Fo Baba!

MAIGIDA: Me ya ce?

UWA: Cewa ya yi... duba bayan ƙofa dai.

MAIGIDA: (ya ɗago takalmin, ya karkata shi) Innalillahi! Fo na nan sabo fil, sai takalmina ya gani?

KAKA: Kai, mijin nawa akwai saiti! Ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba.

UWA: Wallahi ci gaba ne. Ya ji yana tafe, ya cire wando, ya nemi mazubi. Mazubin ne kawai aka samu saɓani.

MAIGIDA: Ci gaba? Miƙo min shi nan, tsawa ɗaya zan yi masa ya shiga taitayinsa.

UWA: Ka rufa min asiri. Yaron da aka tsorata riƙe kashi yake yi. Ya riƙe ya bushe, in ya zo fita ya ji zafi, gobe ya ƙara riƙewa. Daga neman gyara sai mu koma jinyar taurin ciki.

MAIGIDA: Mu da muka tashi babu wannan lallashin, me ya same mu?

KAKA: Kai kam ka yi shiru.

MAIGIDA: Hajiya...

KAKA: Katifa nawa na shanya saboda kai? Har ka shiga aji biyu rana ba ta huta ba.

UWA: Au! Ba yana wata bakwai kika gama da shi ba?

KAKA: Da rana na ce. Dare kuwa sai Allah.

UWA: Shi ma an rubuta. Na dare daban yake, ba a koyar da shi, sai jiki ya kai. Kafin shekara 5 ba abin damuwa ba ne, kuma wai yana bin jini.

MAIGIDA: A kashe wayar nan.

KAKA: Ku tsaya. Ina mijin nawa? Shirun nan ya yi yawa.

UWA: Ga shi can bayan labule, ya yi jajir, yana nishi! Minti ashirin ke nan da cin abincinsa, lokacin ne daidai. Fo! Ina fo?

MAIGIDA: Yana kansa!

(Aka sauke fo, aka ɗora Yarima. Manya uku suka kewaye shi, sun zuba ido.)

UWA: Yi mana, ɗan albarka.

KAKA: Yi, angona, kada ka ba ni kunya.

MAIGIDA: Yi, in saya maka keke.

YARIMA: A'a.

UWA: Minti biyar kawai aka ce ya zauna, in bai yi ba a ƙyale shi.

YARIMA: Ku tafi!

KAKA: Yo gaskiyarsa. Ku wa ke tsaya muku a kai?

(Suka juya baya, kowa na kallon bango. Can sai aka ji ƙara.)

UWA: Ya yi! Wallahi ya yi! A tafa masa, an ce yabo ke sa su maimaita!

(Tafi raf-raf. Maigida har da rawa da takalmi ɗaya. Sai sallama daga falo.)

MAIGIDA: Shugaban wurin aikinmu ne. Ku yi masa tsarki, ina zuwa. Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe, bismillah!

UWA: Hajiya, miƙo min ruwa in... Ina yaron? Ina fon?

KAKA: Ga shi can ya rungume shi da hannu biyu, ya nufi falo.

UWA: Yarima! Dawo nan!

YARIMA: (daga falo) Baƙo, duba! Tafa!